Sitiyarin da Ba Ya Son Sanyin Safiya

Karo na uku ke nan a mako guda da Manniru ya buga hancin jirgi a dandamalin katako da ke bakin tafkin Jabi. Wannan karon ma ƙarfe takwas na safe bai yi ba. Wasu mata biyu ne da suka gama motsa jiki suka ce a ɗan zaga da su kan ruwa. Aka je lafiya, sai a dawowa ya murɗa sitiyari dama, sitiyari ya ce bai san zancen ba. Ya sa hannu biyu, ya haɗa da kafaɗa, kafin inji ya yarda ya juya hancin jirgi ya riga ya isa katako. Gum! Ɗaya ta kira Yesu, ɗaya ta yi salati, daga baya kuma suka fashe da dariya, don ba wadda ta ji ciwo.

Wanda bai yi dariya ba shi ne Oga Solomon, mai jirgin. Mutumin Kagoro ne, tsohon ma'aikacin gwamnati. Da ya yi ritaya sai ya sayi ɗan farin jirgin nan mai inji a baya, mai ɗaukar mutum shida, ana yawo da masu shan iska a cikinsa. Ya tsaya kan dandamali, hannu a ƙugu, ya jira matan suka wuce.

"Manniru, so kake ka kashe ni? Jirgi ɗin nan ba na gwamnati ba ne fa. Nawa ne."

"Oga, wallahi sitiyarin ne. Tauri yake yi, musamman in na ce zan yi dama."

"Sitiyari, sitiyari! Sau biyu na kawo Zakariyya makanike ya duba. Sau biyu ya juya shi da yatsa ɗaya a gabana. Yatsa ɗaya, Manniru. Ni na gane wahala ɗin. Kai ɗan kwale-kwale ne, hannunka ya saba da filafili, bai saba da sitiyari ba."

Maganar ta soki Manniru, amma ya sunkuyar da kai kawai. A Yawuri aka haife shi, a bakin kogi, kuma ya iya tuƙa kwale-kwale tun bai iya ɗaure mazagin wandonsa ba. Shekara ɗaya da rabi yana riƙe da jirgin nan bai taɓa goga masa ko fenti ba, sai cikin wannan damina.

Oga Solomon ya ɗaga yatsa. "Ka saurara. Ranar Asabar akwai ango da amarya, Innocent da Promise, 'yan cocinmu ne. Ƙarfe bakwai na safe za su zo da mai hoto, suna son rana yana fitowa a bayansu. In ka buga katako da farar riga a cikin jirgi, shi ke nan. Ƙanin madam yana gida yana cin shinkafa a banza, kuma ya iya mota. Madam ya daɗe yana min magana a kansa. Shi zan ba jirgi. Ka ji ko?"

"Na ji, Oga."

Ranar Laraba ce. Da Oga ya shiga motarsa ya tafi, Manniru ya ɗaure jirgi, ya taka zuwa gindin bishiyar da Rahmatu ke suyar ƙosai. Rahmatu ta girme shi nesa ba kusa ba, kuma tun asuba take kafa kaskonta a wurin, ba ta tashi sai bayan la'asar, in ta sayar da kunun zaƙin rana. Duk abin da ya faru a bakin tafkin nan a idonta yake faruwa.

"Sarkin ruwa, yau ma an gaisa da katako?" ta ce, tana juya ƙosai.

"Yaya Rahmatu, ki bar ni da abin da ke damuna."

"To me ke damunka? Zauna. Ni dai abin da na gani, kai da safe kake hauka. Litinin da safe, Talata da safe, yau da safe. Da rana kuwa kana shigowa kamar agwagwa, ko ruwa ba ya motsi. Ko dai barci ne ba ya sakinka?"

Manniru ya kai ƙosai baki, sai ya tsaya. Ya mayar da shi cikin takarda. Ba mutum ne mai saurin magana ba, haka ma tunaninsa, a hankali yake tafiya amma ba ya tsallake komai. Ya fara ƙirgawa da yatsu. Litinin, bayan ruwan asuba. Talata, gari da lumshi. Yau, ga shi har yanzu rigar sanyi ce a jikinsa. Zakariyya kuwa yaushe ya zo? Zuwan farko bayan azahar, na biyu wajen ƙarfe biyu, rana tana dukan jirgi har ba a iya dafa ƙarfensa.

"Yaya, ba barci ba ne," ya ce. "Jirgin ne ba ya son sanyi."

"Jirgi kuma? To saya masa bargo."

Ya koma jirgi ya zauna yana jira. Ƙarfe tara ya taɓa sitiyari, tauri. Ƙarfe goma da rabi ya ɗan saki. Wajen sha biyu, da rana ta buɗe sosai, ya sa yatsa ɗaya, sitiyari ya juya sumul kamar ba shi ba. Manniru ya yi murmushi shi kaɗai. Ashe ba hannunsa ba ne.

Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, ba za a ce ya bar sitiyarin da ƙishin mai ba. A bayan jirgi, gaban inji, akwai wani sandan ƙarfe mai sheƙi da ke shiga yana fita cikin bututu duk lokacin da aka murɗa sitiyari, shi ke tura inji hagu da dama. Tun farkon damina Manniru ya ga tsatsa ta fara taɓa shi, ya ji tausayinsa. Yana da gwangwanin man kaɗe da innarsa ta aiko masa daga gida. A Yawuri kuwa man kaɗe maganin komai ne: igiya in ta bushe, filafili in ya fara tsagewa, ƙofa in tana kuka, ƙafa in ta yi faso. Sai ya riƙa lakato shi duk Litinin yana shafe sandan, yana murɗa sitiyari har man ya shige ciki. Da taurin ya fara, ya ce ƙila man ne bai isa ba, ya koma shafawa kullum. Ranar ma, kafin ya tashi, sai da ya ƙara masa lakace biyu masu kyau.

Washegari Alhamis bayan azahar ya nufi Kado. A bayan kasuwar kifi Zakariyya ke da rumfa, inda yake gyaran janareta da injin ban ruwa da injin jirgi in ya samu. Dattijo ne gajere mai furfura a gemu, bakinsa ba ya hutawa, hannunsa ma haka.

"A'a, ɗan Yawuri! An ce kana neman rushe wa mutane dandamali."

"Baba Zakari, zuwa na yi ka sake duba mini jirgin nan."

"Na duba sau biyu. Lafiyarsa ƙalau, ya fi ni lafiya."

"Da rana ka duba. Da safe yake ciwon."

Zakariyya ya ajiye sifana ya kalle shi. "Jirgi ne ko mai ciki? Kai, ni a Tungan Maje nake kwana. Ka san ƙarfe nawa zan fito in iso Jabi ƙarfe bakwai? Ka san cunkoson hanyar nan?"

Manniru bai yi gardama ba. Ya samu wani tsohon bokiti ya kifa, ya zauna. Zakariyya ya ci gaba da kwance janareta. Da ya miƙa hannu neman sifana mai lamba goma, sai ya ji an sa masa a tafin hannu. Da noti ya faɗi ya gangara ƙarƙashin benci, Manniru ya ɗauko. Aka yi la'asar tare, aka dawo, yana nan zaune. Masu kifi suka fara kwashe kaya, yana nan.

"Wai kai ba ka da gida ne?" Zakariyya ya ce daga ƙarshe.

"Ina da shi, Baba. Aikin ne nake gudun kar in rasa. Jibi in na buga, Oga zai ba ƙanin matarsa."

"Wancan da kullum waya ke manne a kunnensa? Wanda ko rigar ruwa bai san gabanta da bayanta ba?" Zakariyya ya yi tsaki, ya goge hannu da tsumma. "To ka ce wa Rahmatu ta ajiye mini ƙosai na farkon kasko. Ba na cin wanda ya huce."

Juma'a da asuba aka yi ruwa mai yawa, gari ya waye da sanyi, hazo kwance a kan tafki. Bakwai saura Zakariyya ya sauko daga tasi da jakar kayan aiki, yana mita tun daga bakin titi. Ya shiga jirgi, ya ɗaga yatsa ɗaya sama don Manniru ya gani, ya ɗora a kan sitiyari, ya tura.

Sitiyari ko gezau.

Ya sa hannu ɗaya. Ya sa biyu. Hagu ya tafi da ƙyar, dama kuwa sai da ya yi nishi.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Ɗan Yawuri, na ci haƙƙinka. To matso, yau za ka koyi abu. Tauri irin wannan wuri uku yake ɓuya: ko a wuyan inji, ko a kebul ɗin da ya taso daga sitiyari ya bi gefen jirgi, ko a bututun nan na baya. Ba a canka. Raba su ake yi, kowa ya amsa laifinsa."

Ya kwance noti ɗaya, ya cire ɗan hannun ƙarfen da ya haɗa sandan da inji. "Kama kan injin, ka juya shi."

Manniru ya kama, ya juya hagu, ya juya dama. Inji ya bi hannunsa ba musu.

"Wuyan inji ya fita, ba ruwansa. Koma ka murɗa sitiyari."

Manniru ya murɗa. Tauri na nan yadda yake, ko da ba inji a jikinsa.

"Saura biyu. Ka yi addu'a kar ya zama kebul, don shi ba a gyara shi, sai sabo, kuma ba za a same shi kafin gobe ba."

Manniru ya yi addu'ar a ransa. Zakariyya ya sa babbar sifana ya kwance ƙaton notin da ya riƙe kebul a bakin bututu, ya ce a murɗa sitiyari a hankali, shi kuma yana ja. Sandan ya ƙi fitowa. Ya ɗora guntun katako a ƙarshensa, ya riƙa bugawa da guduma kaɗan-kaɗan, yana cewa ba a dukan ƙarfe da ƙarfe, kan sandan zai baje ya ƙi wucewa. Can sai sandan ya zame ya fito.

"Yanzu murɗa."

Manniru ya taɓa sitiyari, sai ga shi yana juyawa kamar faifai. Sandan na shiga yana fita a iska, ba abin da ya riƙe shi.

"Alhamdu lillahi, kebul lafiya. Ɓarawon yana cikin bututu." Zakariyya ya lanƙwasa waya ya zura, ya jawo. Wani abu ya biyo ta, fari-fari, dunƙule, haɗe da yashi da jar tsatsa, mai tauri kamar sabulun da ya kwana a waje. Ya murje shi a yatsa. Ya kai hanci. Ya sake kaiwa.

"Wannan ba giris ba ne." Ya juyo a hankali. "Manniru, ƙamshin kakata nake ji. Wa ya sa wa jirgi man kaɗe?"

Manniru ya sosa ƙeya. "Ni ne, Baba. Na ga tsatsa ce ta fara..."

Zakariyya ya zauna daɓas a kujerar fasinja, ya riƙe ciki. Dariya yake har da hawaye, har Rahmatu ta bar kasko ta leƙo.

"Rahmatu, zo ki gani! Ya yi wa inji gyaran amarya! Kai ɗan Yawuri, man kaɗe in ya ji sanyi me yake yi a gwangwani?"

"Daskarewa."

"In ya ji rana fa?"

"Narkewa." Manniru ya dafe kai. Tun yana yaro ya san wannan, a kan murfin tukunya innarsa ke ɗora gwangwanin da safe kafin ya shafu.

"To ka gani. Da safe dutse, da rana ruwa. Ga yashin ƙafar fasinja ya samu wurin maƙalewa. Kuma duk ya taru a gefe guda, shi ya sa dama ta fi hagu wuya."

Aikin bai ɗauki awa biyu ba. Suka ɗaura tsumma a waya, suka tsoma a kananzir, suka yi ta zurawa ta wannan baki suna fitarwa ta wancan, har tsumma na shida ya fito fes. Zakariyya ya naɗa samfefa mai laushi, takardar nan ta goge ƙarfe, a sanda ya goge tsatsar cikin bututun, ya ba Manniru sandan ƙarfen ya wanke shi har yana ɗaukar ido. Sannan ya fito da wani ɗan gwangwani na shuɗin giris.

"Wannan shi ne na ruwa. Sanyi ba ya daskarar da shi, ruwa ba ya wanke shi. Kuma shafa ake yi sama-sama, ba ɗura ba, ba tuwo kake ba shi ba. Wata uku sau ɗaya ya isa."

Suka mayar da sandan, suka ɗaure ƙaton noti, suka haɗa hannun ƙarfen da inji. Zakariyya ya sa aka murɗa daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama sau goma, yana kasa kunne, yana duba ko kebul ya lanƙwashe a wani wuri. Babu. Nauyin hagu da na dama suka zo daidai.

Suna wanke hannu sai ga motar Oga Solomon. Zakariyya ya rage murya. "Bar ni da shi. Zan ce tsatsa ce. Ai akwai tsatsar, ban yi ƙarya ba."

Manniru ya kalli Oga na tahowa. In aka ce tsatsa, magana ta mutu. Amma gobe Oga zai riƙa yi wa Zakariyya kallon wanda ya duba sau biyu bai ga tsatsa ba, bayan mutumin nan ya baro Tungan Maje cikin ruwa saboda shi.

"Oga, barka da zuwa. An gano ciwon. Ba hannuna ba ne, amma laifina ne." Ya buɗe tsumma ya nuna masa dunƙulen, ya faɗi komai tun daga farkon damina.

Oga Solomon ya kalli dunƙulen, ya kalli Manniru. "Man kaɗe. Wanda madam yake shafa wa yara?"

"Shi, Oga."

"A jirgi na."

"Na ga yana tsatsa ne, ban so ya lalace ba."

Leɓen Oga ya fara rawa, ya danne, ya juya baya yana kallon ruwa, kafaɗunsa na motsi. Da ya juyo ya haɗe fuska da ƙyar. "Zakariyya, ka ce ya gyaru?"

"Ya gyaru. Kuma in gaya maka, Oga, wata guda yaron nan yana kokawa da sitiyarin da ni na kasa juyawa da hannu ɗaya, bai kifar da kowa ba. Ni dai ban san wani mai mota da zai iya haka ba."

"Yanzu rana ya fito," Oga ya ce. "Jirgi ɗin nan ya saba yaudara na da rana. Gobe da safe zan shiga da kaina. Abin da ido na ya gani, shi ne."

Asabar ta zo da sanyin da ya fi na Juma'a. Manniru ya iso tun shida, ya share jirgi, ya jera rigunan ruwa masu hana nitsewa, amma ya kasa taɓa sitiyari. Sai da ya ga motoci sun tsaya sannan ya yi bisimilla ya ɗora yatsa. Sitiyari ya juya sumul. Ya sauke numfashi.

Amarya Promise ta shigo da farar riga mai dogon baya, sai da mutum biyu suka tattaro mata ita. Ango Innocent ya shigo yana dariyar da ba ta kai ciki ba, ya kama gefen jirgi da hannu biyu tun ba a kunna inji ba. Mai hoto ya zauna a hanci, Oga Solomon ya zauna kusa da Manniru ya harɗe hannuwa.

Mai hoton nan ba ya gajiya da ba da umarni. "Direba, hagu kaɗan. A'a, ya yi yawa, dawo dama. Tsaya nan. Zaga, ina son rana a bayan kanta. Sake zagawa." Manniru ya bi shi tiryan-tiryan, jirgi na juyawa a hankali kamar ana murza shi a tafin hannu. Promise ta miƙe tsaye ta buɗe hannuwa, mayafinta na tashi.

"Innocent, saki jirgin nan ka riƙe ni mana! Ni ka aura ko shi?"

"Ina zuwa, bari ya daina motsi."

"Ango, ruwa ne fa, ba ya dainawa," in ji Oga Solomon, dariyar da ya riƙe tun jiya ta ƙwace masa.

Da aka gama, Manniru ya juyo da hancin jirgi ya nufi dandamali. Nan ne wurin. Ya rage wuta tun daga nesa, ya bar jirgi ya tafi da sauran ƙarfinsa, ya murɗa dama a hankali. Inji ya bi. Gefen jirgi ya zo ya jingina da tayar da aka rataye a katako, ko furen hannun amarya bai girgiza ba.

Oga Solomon ya fita. Ya taimaka aka fito da amarya da rigarta, aka yi ta godiya. Sannan ya ciro waya ya matsa gefe, amma muryarsa ba ta iya ɓuya.

"Madam, ki gaya wa ƙaninki ya ci gaba da neman aikin mota. E. A'a, babu wuri a nan, ina da direba."

Ya kashe waya ya juyo. "Manniru, me kake kallo? Ga 'yan rakiyar amarya can su tara, duk suna so su shiga. Sawu biyu za ka yi. Ka fara da masu nauyi."

Manniru ya kwance igiya, ya miƙa wa ta farko hannu.